Raunin Mazakuta: Abin da Ke Kawo Shi da Yadda A Ke Maganinsa

Akwai cututtukan da mutum ya kan kai kansa asibiti dominsu da rana tsaka, akwai kuma waɗanda kunya ta kan sa ya yi shekaru yana fama da su shi kaɗai. Raunin mazakuta yana cikin kashi na biyu. Abin da likitoci ke nufi da shi shi ne namiji ya riƙa kasa samun miƙewar gaba, ko kuwa ya samu amma ta ƙi daɗewa har ya biya bukatar aure, abin kuma ya yi watanni yana maimaituwa. Wanda ya gamu da haka sau ɗaya ko sau biyu saboda gajiya ko ɓacin rai ba ya cikin wannan lissafi.

Matsalar daɗaɗɗiya ce, har malaman fiƙihu sun yi mata hukunci. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, mijin da ya kasa kusantar amaryarsa a kan ba shi wa'adin shekara guda, in bai sami sauƙi ba matar tana da ikon neman rabuwa. Ba ta kuwa da wuyar samu. A wani bincike da aka yi a kewayen birnin Boston na Amurka, wanda aka buga a 1994, an tarar cewa maza 52 cikin 100 masu shekara 40 zuwa 70 suna da wani abu na wannan rauni, kimanin 10 cikin 100 kuwa abin ya ƙi musu gaba ɗaya.

To, domin a gane dalili sai a fara sanin yadda miƙewar ta ke samuwa. A cikin gaban namiji akwai wata tsoka mai ramuka kamar soso. Idan sha'awa ta motsa, ƙwaƙwalwa ta kan aika saƙo ta laka zuwa jijiyoyin wurin, su kuwa su saki wani sinadari da a ke kira naitirik oksaid. Wannan sinadari shi ke sa hanyoyin jini su saki jiki su buɗe, jini ya kwararo ya cika soson, ya kuma danne hanyoyin da zai koma ta cikinsu. Watau aikin yana bukatar hankali kwance, da jijiyoyin saƙo masu lafiya, da hanyoyin jini waɗanda ba su toshe ba. In ɗaya ya sami tangarɗa, sauran ba su wadatarwa.

A wurin mutanen da suka haura shekara 40, mafi yawan lokaci laifin na hanyoyin jini ne. Hawan jini, da ciwon sukari, da yawan kitse cikin jini, da shan taba, duk su kan ɓata bangon waɗannan hanyoyi su ƙuntata su. A nan ne babban abin lura ya ke. Faɗin hanyar jinin da ke shiga gaba bai wuce milimita 1 zuwa 2 ba, ta zuciya kuwa ta kan kai milimita 3 zuwa 4. Dattin da bai isa ya tare babban bututu ba ya isa ya toshe ƙarami. Saboda haka raunin mazakuta ya kan riga ciwon zuciya bayyana, sau da yawa da shekara 2 zuwa 5. Mutumin da ya kai kukansa ga likita da wuri ya sami sararin tsare zuciyarsa da ƙwaƙwalwarsa tun kafin bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki su auko masa.

Har wa yau akwai waɗansu dalilan. Ciwon sukari, bayan ɓata hanyoyin jini, ya kan kashe ƙananan jijiyoyin saƙo. Rauni a gadon baya ya kan yanke saƙon, haka nan aikin tiyata a furostet, 'yar ƙululuwar nan da ke ƙarƙashin mafitsara. Yawan shan barasa da ƙwayoyi irin su tiramadol su kan rage ƙarfi. Waɗansu magungunan asibiti ma, musamman na hawan jini masu sa fitsari da na ciwon damuwa, su kan jawo shi. Wanda ya zargi maganinsa kada ya daina sha da kansa, ya gaya wa likita a sake masa wani. Sa'an nan ga sha'anin zuci: bashi, da rashin jituwa a gida, da tsoron kada abin da ya faru jiya ya sake faruwa yau. Wannan ya fi yawa ga matasa, alamarsa kuwa ita ce mutum yana samun miƙewa da asuba, sai in ya je ga iyali ta ƙi.

A ƙasar Hausa da zangunanmu na ƙetare an saba ɗora laifin a kan basir, ko sanyi, ko sammu. Illar wannan zato ita ce lokacin da ya ke ci. Mutum ya kan shekara yana shan jiƙo da tsimi, alhali kuwa sukari ne ke cin jikinsa bai sani ba. Binciken asibiti ba shi da tsawo: likita zai yi tambayoyi, ya auna bugun jini, ya duba sukari da kitse, in ya ga dalili ya sa a ɗebi jini da safe a auna testostiron, watau sinadarin mazantaka.

Matakin farko na magani shi ne gyaran abin da ya kawo cutar. A 2004 likitoci a Italiya sun buga sakamakon wani gwaji da suka yi da maza 110 masu ƙiba da ke da wannan rauni. Rabinsu aka sa su rage ci su riƙa motsa jiki, bayan shekara 2 kusan kashi ɗaya bisa uku na waɗannan suka dawo daidai ba tare da ƙwaya ba. Barin taba, da tafiya a ƙasa kullum, da riƙe sukari da hawan jini a kan ƙa'ida, su ne tushe.

Bayan wannan sai ƙwayoyi. Masanan kamfanin Pfizer a Ingila sun haɗa sildenafil ne da niyyar maganin ciwon ƙirji na zuciya. Bai yi abin kirki a nan ba, amma mazan da aka gwada shi a kansu suka ba da labarin wani amfani dabam. A watan Maris na 1998 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yarda a sayar da shi da sunan Viagra, a 2003 kuma tadalafil, wanda aka sani da Cialis, ya biyo baya. Aikinsu shi ne su ƙarfafa saƙon nan na naitirik oksaid ya daɗe bai gushe ba. Don haka ba su haifar da sha'awa, ba su kuma aiki in babu ita. Sildenafil a kan sha shi kamar awa 1 kafin bukata, yawanci miligiram 50, ƙarfinsa ya kai wajen awa 4, abinci mai maiƙo kuwa ya kan jinkirta shi. Tadalafil ya kan kai awa 36 a jiki. Ciwon kai, da toshewar hanci, da ƙwarnafi, da jin zafi a fuska su ne illolin da aka fi gani, ba su kuwa daɗewa.

Ga ƙa'idodin da bai kamata a ƙetare ba. Kada a sha fiye da sau ɗaya a cikin awa 24, kada kuma a haɗa iri biyu. Mai shan maganin ciwon ƙirji na jinsin naitiret, irin wanda a ke sawa a ƙarƙashin harshe, kada ya kusanci waɗannan ƙwayoyi ko kaɗan, domin haɗuwarsu ta kan sa jini ya faɗi warwas, har ta kai ga rasa rai. Wanda ciwon ƙirji ya kama bayan ya sha ƙwayar, lalle ya faɗa wa ma'aikatan asibiti abin da ya sha da lokacin da ya sha. Mai shan maganin furostet, da wanda bai daɗe da tashi daga bugun zuciya ko shanyewar jiki ba, sai da izinin likita. In miƙewa ta wuce awa 4 ba ta kwanta ba, a garzaya asibiti nan take, don jinkiri yana iya kashe gaban har abada. Masu cutar sikila, wadda ta yawaita a Afirka ta Yamma, sun fi kowa shiga wannan haɗari. Haka kuma in gani ko ji ya ɗauke farat ɗaya, a daina sha a nemi likita.

Mafi muni shi ne maganin ƙarfin maza da a ke tallarsa a tasha da kasuwa da intanet. A 2008 an kwantar da mutum 150 a asibitocin Singafo bayan sukarin jininsu ya faɗi ƙasa ƙwarai. Da aka bincika sai aka gano cewa jabun magungunan ƙarfin maza da a ke sayarwa a can an gauraya su da maganin ciwon sukari. Mutum 4 suka mutu. A 2022 kuma hukumar Amurka ta gargaɗi waɗansu kamfanoni da ke sayar da zuma wadda aka ɓoye sildenafil ko tadalafil a cikinta. Mai ciwon zuciya da ya sha irin wannan yana zaton zuma ce zalla, ya shiga halin da Hausawa ke cewa garin neman gira an rasa ido.

In ƙwaya ta ƙi aiki bayan an gwada ta sau da dama yadda ya kamata, hanya ba ta ƙare ba. Akwai allurar alfurostadil da likita ke koya wa mutum ya yi wa kansa. Akwai famfo mai jawo jini, da zoben roba da ke riƙe shi, wanda ba a bari ya wuce minti 30. Daga ƙarshe akwai tiyata, inda a ke dasa na'ura a cikin gaban, aikin da likitoci ke yi tun 1973. Testostiron kuwa sai ga wanda awo ya nuna nasa ya yi ƙasa, mai neman haihuwa kuma ya sani cewa shansa yana rage ƙwayoyin maniyyi. Inda damuwa ce tushen abin, zama da masanin halayyar ɗan Adam ya kan wadatar.

Saura magana guda, ita ce ta uwargida. Matar da ba a gaya mata kome ba ta kan zaci an daina son ta ne, ko an sami wata a waje, daga nan sai zargi ya shiga, tsoron miji ya ƙaru, ciwon ya daɗu. Gara maigida ya zaunar da ita ya yi mata bayani, in da hali su tafi wurin likita tare. Ranar da za a tafi kuwa, a ɗauki dukan magungunan da a ke sha, na asibiti da na gargajiya, a nuna masa.