Ko Kun Sani?

A shekarar 2022, cikin ɗalibai sama da 61,000 da suka nemi shiga Jami'ar Harvard ta Amurka, waɗanda da yawansu zakaru ne a makarantunsu na sakandare, ba a karɓi ko 2,000 cikakku ba, watau kimanin 3 cikin 100. Hazaƙa kaɗai ba ta wadatarwa, domin ana la'akari da shaidar malamai, da wasanni, da maƙalar da ɗalibi ya rubuta a kan kansa. Sa'an nan, abin da ya fi ban al'ajabi, hujjojin da aka gabatar gaban alƙali a wata shari'a da aka yi da jami'ar a shekarar 2018 sun bayyana cewa 'ya'yan tsofaffin ɗaliban jami'ar, albarkacin nasaba, kusan ɗaya cikin uku ake karɓa a wancan lokacin.