Ciwon Gajiya Mai Naci da Jayayyar Binciken PACE

Ciwon gajiya mai naci, wanda likitoci ke taƙaita sunansa da ME/CFS, cuta ce da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya cikin cututtukan jijiyoyi tun 1969, duk da cewa har yau akwai masu ɗaukarta a matsayin kasala. Babbar alamarta ita ce taɓarɓarewar jiki bayan ƙoƙari, wato mai ciwon ya yi ɗan abu kamar wanka ko doguwar hira, sai bayan kwana ɗaya ko biyu jikinsa ya rikice da ciwon gaɓoɓi da dushewar tunani, har ya shafe kwanaki ko makonni a kwance.

A 2011 mujallar Lancet ta buga sakamakon binciken PACE da aka yi a Birtaniya kan mutum 641, wanda ya yaba wa hanyoyi biyu, wato motsa jiki da ake ƙarawa sannu a hankali, da zaman tattaunawa da nufin sauya yadda majinyaci ke kallon ciwonsa. Rahoton da masu binciken suka fitar a 2013 ya ce kashi 22 cikin ɗari na waɗanda suka bi kowace hanya sun warke. Majinyata ne, wasunsu daga kan gado, suka lura cewa a ma'aunin ƙarfin jiki mai maki 100 ana shigar da mutum binciken idan makinsa bai wuce 65 ba, alhali kuwa makin warkewa, wanda aka tsara tun farko a kan 85, an sauko da shi zuwa 60. Ke nan mutum zai iya komawa baya, amma a wannan ma'auni a lissafa shi cikin masu lafiya.

Wani majinyaci ɗan Ostireliya ya nemi bayanan binciken bisa dokar 'yancin samun bayanai, Jami'ar Queen Mary ta Landan da ke riƙe da su ta ƙi, sai da kotu ta umarce ta a 2016. Da aka sake lissafi bisa ma'aunin asali, warkewa ta faɗo zuwa kashi 7 a tattaunawa da kashi 4 a motsa jiki, kusa da kashi 3 na waɗanda ba su bi ko ɗaya ba. Masu binciken sun ci gaba da kare aikinsu, amma a Oktoba 2021 hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta janye wancan tsarin motsa jiki daga shawarwarinta. Abin takaici ne a ce marasa lafiyar da ƙarfinsu bai kai ba su ne suka ɗauki nauyin wannan gyara.

Tunda ba a samu maganin warkewa ba, abin da majinyata ke dogara da shi kullum shi ne tattalin kuzari, wato mutum ya san iyakarsa ya tsaya kafin ya kai gare ta, ya rarraba aiki gida-gida da hutu a tsakani, ya yi wanka ko girki a zaune, ya kuma rage haske da hayaniya a ranar da jiki ya ƙi.