Bayani Kan Ganyen Melisa da Yadda Ake Haɗa Shi a Gida

Muna jan hankalin jama'a, musamman mazauna karkara, kan wani ganye da ake sayarwa a ƙunshe kamar ganyen shayi, wanda aka rubuta Lemon Balm ko Melissa a jikin kwalinsa. Larabawa suna kiransa turunjan. Ɗan uwan na'a-na'a ne, sai dai ƙamshinsa na lemun tsami ne. Asalinsa daga kudancin Turai da yammacin Asiya yake, kuma tun fiye da shekaru 900 da suka wuce Ibn Sina ya ambace shi cikin abubuwan da ke faranta zuciya. Kada a ɗauke shi a matsayin doguwar ciyawar nan mai ƙamshin lemo da ake sakawa a shayi. Ganyen melisa gajere ne, mai faɗi, gefensa kamar haƙoran zarto.

Hukumar kula da magunguna ta Tarayyar Turai ta amince da shi a matsayin maganin gargajiya ga abubuwa kaɗan: ƙaramar damuwa, wahalar samun barci, da kumburin ciki ko yawan iska. Iyakarsa ke nan, a ganinmu. Ba ya maganin zazzaɓin cizon sauro, ba ya maye gurbin ƙwayar hawan jini ko ta ciwon sukari, kome abin da mai talla zai faɗa.

Ga yadda ake haɗa shi. A zuba busasshen ganye gram 1.5 zuwa 4.5 (cokalin shayi biyu ko uku sun wadatar) a kofi, a kwarara masa tafasasshen ruwa mililita 150, a rufe na minti 5 zuwa 10, sannan a tace. Rufewar nan tana da muhimmanci, domin man da ke ba shi ƙamshi da tururi yake tafiya. Saboda haka ba a dafa shi a tukunya kamar sauran saiwoyi da sassaƙe. Ana sha sau ɗaya zuwa uku a rana. Wanda ya shuka shi a lambu ya ba shi inuwa da danshi, ya tsinki ganyen kafin ya yi fure, ya shanya a inuwa.

Mata masu juna biyu da masu shayarwa da yara 'yan ƙasa da shekara 12 su kauce masa. Mai ciwon maƙoƙo ko mai shan maganin barci ya fara tuntuɓar ma'aikacin lafiya. Yana iya sa gyangyaɗi, don haka direbobi da 'yan acaɓa kada su sha lokacin aiki. Idan an yi mako biyu ba sauƙi, a tafi asibiti.

Muna roƙon hakimai da dagatai da masu unguwanni su isar da wannan bayani, su kuma tunatar da jama'a su duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa a jikin kwali kafin su saya.