Majigi Da Yaƙin Hamada: Darasin Da Ke Jiran Mai Fassara

Wanda ya tsaya a Ƙofar Marusa cikin birnin Katsina da hantsi, lokacin da hunturu ya kankama, zai ga ƙura ta rufe sararin sama, zai kuma ga masu itace da gawayi suna kai da kawowa, domin har yanzu da su ne yawancin gidaje ke ɗora tukunya. Bayan ganuwa, inda a da gonaki ne da gawo da kuka, yanzu gidaje ne sun miƙe. Mutanen unguwar ba su bukatar wani masani ya gaya musu cewa yanayi ya sauya. Dattawansu sun ga farin 1973, sun ga na 1984, sun kuma ji labarin ambaliyar Jibiya ta Yulin 2018, wadda ta ci rayuka fiye da 40. Abin da ke da amfani a gare su shi ne a nuna musu yadda wasu manoma irinsu suka yi da wannan masifa. A nan ne maganar fim ta shigo.

Koyarwa da fim ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. A zamanin En'e, da kuma lokacin Gwamnatin Jihar Arewa, motar majigi takan sauka a gari, a kafa farin ƙyalle a ƙofar gidan hakimi ko wani fili, a ta da inji bayan an idar da salla, mai sharhi ya riƙe lasifika yana bayani da Hausa. Ba a biyan ko anini. Ta haka aka nuna wa talakawa tsabta da rigakafi da zuba taki, kuma har gobe tsofaffi suna tuna Baban Larai, fim ɗin da ya koyar da noman auduga da gyaɗa. Gaskiya ne majigi bakin hukuma ne, abin da take so shi yake faɗi. Amma ya san masu kallonsa, ya je har inda suke, ya yi musu magana da harshensu.

Finafinan gaskiya da ake yi yanzu a kan hamada sun fi na da kyan hoto nesa ba kusa ba, sai dai ba don mutanen nan ake shirya su ba. A 2019 aka fitar da The Great Green Wall, inda mawaƙiyar Mali, Inna Modja, ta bi layin katangar itatuwan da Tarayyar Afirka ta amince da ita a 2007, daga Senegal ta ratsa Mali da Nijeriya da Nijar har Habasha. Katsina tana cikin jihohi 11 da shirin ya shafa a ƙasar nan. Kafin wannan, a 2010, Mark Dodd ya yi The Man Who Stopped the Desert a kan Yakuba Sawadogo, manomin Barkina Faso da ya farfaɗo da feƙo ta hanyar haƙa ƙananan ramuka da rani yana zuba musu taki, su riƙe ruwan damina.

Wanda ya fi kusa da Katsinawa shi ne The Forest Maker, na Bajamushe Volker Schlöndorff, da ya shiga gidajen silima na Jamus a 2022. Labarin Tony Rinaudo ne, mutumin Ostireliya da ya yi aikin gona a Maraɗi. Ya sha dasa itatuwa suna mutuwa, sai a 1983 ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sarewa lokacin sharar gona ba ciyayi ba ne, toho ne na kututturan da saiwarsu ke raye a ƙarƙashin ƙasa. Dabarar ba ta da wuya: manomi ya zaɓi toho mafi ƙarfi, ya datse sauran, ya tsare shi daga dabbobi da wuta. Tun da saiwa ta riga ta yi zurfi, ba a bukatar ban ruwa. Mutanen Nijar suka kira abin sassaben zamani. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa kamar miliyan 200 sun dawo a fili mai faɗin hekta miliyan 5, galibi a jihohin Maraɗi da Damagaram. Da yawa daga cikinsu gawo ne, wanda ke kaɗe ganye da damina, watau ba ya yi wa gero inuwa, ga taki, ga abincin dabbobi da rani. A 2018 Rinaudo da Sawadogo duka biyu sun sami lambar Right Livelihood a Suwidin.

Daga Ƙofar Marusa zuwa Maraɗi, ta Jibiya, tafiyar ba ta kai kilomita 100 ba. Harshe ɗaya, gero ɗaya, jigawa ɗaya. Duk da haka, ya fi sauƙi ɗalibi a Berlin ya ga wannan fim da a ce manomin Kaita ko Mashi ya gan shi.

Ba a ce Katsina ta zauna ba ta yi kome ba. A 1987, shekarar da aka ƙirƙiro jihar, aka soma shirin dashen itatuwa da taimakon Kasuwar Tarayyar Turai, aka raba dashe, aka kafa shingayen kare iska. Sai dai dashe yana son kuɗi da ruwa da mai gadi, kututture kuwa yana nan cikin gonar mutum, ilmin kula da shi kawai ya rage a kai masa.

Kayan aikin ma suna nan a hannu. Masu fassara finafinan Indiya zuwa Hausa a Kano sun nuna cewa ɗora murya a kan fim ba gagarumin aiki ba ne, kuma majigin yanzu ƙarami ne, batirin hasken rana yana ɗaukarsa. Neman izinin masu fim, da biyan mai fassara, da sa malamin gona ya tsaya gefen ƙyalle yana amsa tambayoyi, duk ayyuka ne da Ma'aikatar Watsa Labarai da ta Muhalli za su iya sa wa hannu, ɗaliban Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa kuma su ɗauki hoton gonakin da aka gwada abin a cikinsu. Lokacin da ya dace da nunin shi ne watan Maris zuwa Afrilu, kafin a sa gatari a sharar gona.