Daga Sifili Zuwa Goma: Yadda Ake Auna Ciwon Kai

Zafin jiki yana da ma'auni, hawan jini ma haka. Ciwon kai kuwa har yau ba a ƙera na'urar da za a ɗora wa mutum ta faɗi tsananinsa ba. Dole sai an tambayi mai shi. Shi ya sa a ɗakin likita, a unguwar Lazaret ta Yamai ne ko a babban asibitin ƙasa na birnin, ana iya ce wa mai jinya: "Baba, in sifili babu ciwo ke nan, goma kuma ciwon da ya fi kowane tsanani, yau kana nawa?"

Akwai kuma layi mai tsawon santimita 10. Mai ciwo ya ɗiga alama inda yake jin ciwonsa ya kai, a ɗauko rula a auna. Wani likitan Ingila, Huskisson, ya taimaka wajen yaɗa shi a 1974. Amma layin yana rikita wanda bai saba da alƙalami ba. A unguwar da ake Zabarmanci da Hausa da Fulatanci da harshen Buzaye, zanen fuskoki shida ya fi saurin shiga kai, musamman samfurin 2001 wanda babu murmushi babu hawaye a cikinsa, don kada yaro ya nuna ɓacin ransa a maimakon ciwonsa.

Masu binciken ciwon ɓarin kai sun taƙaita abin zuwa matakai huɗu: 0 babu, 1 kaɗan, 2 matsakaici, 3 mai tsanani. A sha maganin gwaji, a jira awa biyu, a sake tambaya. Lokacin da aka gwada maganin sumatriptan a farkon shekarun 1990, saukowa daga 3 ko 2 zuwa 1 ma nasara ce. Yanzu ƙa'idar Ƙungiyar Ciwon Kai ta Duniya, wadda aka kafa a 1981, ta fi son a ga sifili. Sun yi daidai, don mai ɗinki da kansa ke sara kaɗan-kaɗan bai warke ba.

Matsalarmu ita ce dauriya. Dattijuwa ta ɗaure kai da kallabi tamau, ido ya kaɗa ya yi ja, ko hasken taga ba ta iya kallo, amma aka ce "Inna, ya jiki?" sai ta ce da sauƙi. Wannan ladabi ne a gaisuwa. A gaban likita kuwa yana sa a rubuta 2 inda ya kamata a rubuta 8. Ba a gwada bakwai ɗinka da na maƙwabcinka, da naka na jiya ake gwadawa. Saboda haka masu bincike ke ba mutane ɗan littafi su riƙa rubuta rana, lamba, da yawan ƙwayar da suka sha. A nan ake gano wanda ke shan farasitamol kwana 15 ko fiye a wata, wata bayan wata, har maganin da kansa ya zama sanadin ciwon.

Lamba dai ba ta faɗin haɗari. Yamai ta ga annobar sanƙarau a 2015. Ciwon kan da ya zo da zazzaɓi da sanƙarewar wuya a lokacin bazara, ko wanda ya faɗo farat ɗaya da tsananin da ba a saba ba, ba a tsayawa ƙirga shi: a kai mutum asibiti nan take.