"Creep": Waƙar da Aka Ƙi a Gida, Baƙi Suka Rungume Ta

Ranar 21 ga Satumba, 1992, kamfanin Parlophone ya fitar da wata waƙa mai suna "Creep" ta wasu samari biyar daga Abingdon, kusa da birnin Oksfod a Ingila. Sunan ƙungiyarsu Radiohead, kuma kiɗansu irin rok ɗin nan ne da ke kauce wa hanyar da manyan kamfanonin waƙa suka saba bi. Waƙar ba ta yi kasuwa ba. Ta tsaya a matsayi na 78 a jerin waƙoƙin Birtaniya, faifan da aka sayar bai wuce dubu shida ba, tashar BBC Radio 1 kuwa ta ƙi saka ta, wai ta cika sa baƙin ciki.

Lalle akwai baƙin ciki a cikinta. Thom Yorke, mawaƙin ƙungiyar, ya rera ta ne da bakin saurayin da ke hango macen da yake ganin ta fi ƙarfinsa, yana raina kansa, yana jin ba shi da wurin zama cikin mutane. Kiɗan yana tafiya a hankali, sautuka huɗu kacal suna ta zagayawa. Dab da amshi sai Jonny Greenwood, mai kaɗa jita a ƙungiyar, ya danna wa jitarsa wani mugun duka, ƙara mai kama da an buga ƙofar ƙarfe da dare. An ce sanyin waƙar ne ya ishe shi, ya yi haka don ya ɓata ta. Masu haɗa sautin, Paul Kolderie da Sean Slade, suka bar dukan yadda yake, kuma sun yi daidai, domin shi ne ya nuna fushin da ke kwance ƙarƙashin ƙasƙantar da kan nan. Ba don shi ba, da waƙar ta zama kuka kawai.

Inda wani ya ƙi da yini, nan wani ke nema da kwana. A Isra'ila wani mai gabatar da shiri a rediyo, Yoav Kutner, ya dinga saka ta har ta game ƙasar, shi ya sa wasan Radiohead na farko a ƙetare ya kasance a Tel Aviv a 1993. Daga nan tashar KITS ta San Faransisko ta ɗauka, sauran tashoshin Amurka suka bi, waƙar ta kai matsayi na 34 a jerin Billboard. Da aka sake fitar da ita a Birtaniya a Satumbar 1993, sai ga ta a matsayi na 7. Ba a ƙara mata komai ba. Masu zaɓar wa jama'a abin saurare ne suka yi kuskuren zaton matasa ba sa son jin an faɗi damuwarsu a fili.

Nasarar ta zo da nata nauyin. An lura cewa waƙar ta yi kama da "The Air That I Breathe" wadda The Hollies suka yi fice da ita a 1974, don haka aka saka sunan marubutan waccan waƙar, Albert Hammond da Mike Hazlewood, cikin marubutan "Creep". Abin da ya fi damun samarin shi ne 'yan kallo da ke zuwa wasa don waƙa guda, da an gama ta wasu su kama gabansu. Sun bayyana wannan takaici a waƙar "My Iron Lung" ta 1994, daga baya ma suka rage rera "Creep" ƙwarai.

A ganina sun yi gaskiya da suka ƙi ƙera mata ƙanne don neman kuɗi. Da sun yi haka, da ba a samu kundin The Bends na 1995 ba, balle OK Computer na 1997. Amma hana masoya jin ta bai dace ba, don yaron da ya ji an faɗi ciwon da ke ransa bai yi wa kowa laifi ba. Su ma daga baya sun sauko: a watan Mayun 2016 suka rera ta a birnin Faris bayan shekara bakwai ba su taɓa ta ba. Zuwa yanzu an saurare ta fiye da sau biliyan ɗaya a manhajar Spotify.