Yusufawa a Takai: Kalmomin Sarauta da Shugabancin 'Yan Tawaye a Basasar Kano

1.0 Gabatarwa

Idan aka ambaci tawaye, abin da kan faɗo wa Bahaushe a rai shi ne taron da ba shi da kai. Wannan maƙala za ta nuna cewa ba haka al'amarin Yusufawa ya kasance ba a basasar Kano ta 1893 zuwa 1895. Sun tsara wa kansu majalisa da kalmomin fadar da suka bijire wa, kuma wannan tsari ne ya riƙe su.

2.0 Mafarin Rikici

Da Sarkin Kano Muhammadu Bello ya rasu a 1893, sai Sarkin Musulmi Abdurrahman ya sa Waziri Buhari ya naɗa Tukur ɗan Bello. 'Ya'yan Abdullahi Maje Karofi, waɗanda Bello ya tuɓe da yawa daga cikinsu, ba su amince ba. Suka fice daga birni tare da Yusufu, suka kafa sansani a Takai.

3.0 Majalisa a Sansani

A Takai an yi wa Yusufu mubaya'a, aka kuma raba muƙamai tsakanin 'yan sarki da bayin sarki. Abin lura a nan shi ne, ba su ƙirƙiri sabuwar kalma don sunayen muƙamansu ba. Sarautun Kano suka ɗauka yadda suke. Ma'anar haka a fili take: ba sarautar suke yaƙa ba, wanda aka ɗora a kanta suke musu.

Ingancin wannan majalisa ya bayyana a 1894, sa'ad da Yusufu ya rasu a Garko alhali ba a ci Kano ba. Maimakon jama'a ta watse, manyan tafiya, har da Shamaki Harisu daga cikin bayin sarki, suka tsai da ƙanensa Aliyu Babba. Zaɓin akwai hikima, domin ta wajen uwa Aliyu jikan Sarkin Musulmi Aliyu Babba ne, saboda haka zai yi wa Sakkwato wuyar ƙi. A wannan shekara ya shiga Kano, aka kuma kashe Tukur a Tafashiya a 1895.

4.0 Shaidar Harshe

Ɗafin "-awa" kan nuna mabiya ko zuriya ko mutanen wuri. A nan ya ba da Yusufawa da Tukurawa. Ko bayan rasuwar Yusufu sunan bai sauya ba, wato ya tashi daga mutum ya koma kan ƙungiya. Haka kuma Kanawa "basasa" suke kiran yaƙin, kalmar da ba ta ɗora wa ɓangare ɗaya laifi kamar yadda "tawaye" ke yi.

5.0 Kammalawa

Aliyu Babba ya mulki Kano har zuwan Turawa a 1903. Ya kamata masu nazarin kalmomin siyasa su lura da wannan: sunan da aka ba yaƙi, da sunan da mayaƙa suka ɗauka, su ma hujjojin tarihi ne.